Tukunya ba nama: darasin masu ƙaurace wa kayan dabba

A watan Nuwamba na 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wani malamin koyar da aikin kafinta mai suna Donald Watson da wasu abokansa ƙalilan suka kafa ƙungiyar Vegan Society a Ingila. Da ma sun daɗe da barin nama, sai suka ƙara da madara, ƙwai da man shanu. Watson ya rasu a 2005 yana da shekara 95, kuma a yau mabiya wannan tafarki sun bazu a duniya. Da yawansu kan ce abin da suke nema shi ne rayuwa mai sauƙi: kashe kuɗi kaɗan, ɓarna kaɗan, da tausaya wa dabbobi.

Hujjarsu tana da nauyi. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2013 cewa kiwo ne ke fitar da kashi 14.5 cikin 100 na iskar da ɗan Adam ke ɗumama duniya da ita. Wani bincike da Joseph Poore da Thomas Nemecek suka wallafa a mujallar Science a 2018 ya gano cewa kiwo da noman abincin dabbobi sun cinye kusan kashi 83 cikin 100 na filayen noman duniya, alhali kashi 18 kacal na kuzarin da mutane ke samu a abinci ne ke fitowa daga nan. Dalili kuwa a fili yake: yawancin hatsin da aka zuba wa sa, numfashi da motsi da ɗumin jikinsa ne ke ƙone shi, kaɗan ne ke zama tsoka.

Sai dai kasuwa ta shiga maganar. Kantunan Turai da Amurka sun cika da naman kwaikwayo da madarar kwali, an sarrafa su a masana'anta, an naɗe a leda, sau da yawa ma sun fi na ainihi tsada. Wanda ya bar mahauci ya koma wa irin wannan kanti bai sauƙaƙa wa kansa komai ba.

Sauƙi na gaskiya yana wurin waɗanda suka gaji girkin. Kiristocin Orthodox na Habasha kan bar nama da madara da ƙwai duk Laraba da Juma'a, da kuma kwana 55 kafin Ista, suna cin injera da miyar shiro ta garin wake. Mu ma ba baƙi ba ne a nan. Dubi mai awara: ta jiƙa waken suya, ta kai niƙa, ta tace, ta ɗora a wuta, ta zuba ruwan tsami har ya dunƙule, ta ɗaure a ƙyalle ta danne da dutse, ta yanka ta soya. Ga ƙosai, alale, ɗanwake, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, ga miyar kuka da daddawa. Hatsi da wake idan suka haɗu, kowane na cike giɓin ɗan'uwansa wajen gina jiki, kuma Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake.

Amma akwai gargaɗi. Bitamin B12 ba ya samuwa yadda ya kamata a tsirrai, kuma rashinsa na jawo ƙarancin jini da lalacewar jijiyoyi. Duk wanda ya bar kayan dabba gaba ɗaya dole ya riƙa shan ƙwayarsa. Mai ciki, mai shayarwa da ƙaramin yaro kuwa, kada a hana su ƙwai, kifi da nono ba da shawarar likita ba. Haka kuma, Bafulatanin da ke kiwo a dajin da garma ba ta shiga, lissafinsa daban da na manyan gidajen turka na Amurka.

Nama halal ne, layya ibada ce, ba wanda ya isa ya haramta su. Abin ɗauka shi ne daidai ruwa daidai tsaki. Maigida, ka daina ganin ranar wake ranar babu ce. Uwargida, ki yawaita ganye da wake a tukunya, ki rage soye-soyen nama, sannan ki tabbata ƙwai da nono sun fara isa bakin yara.