Daga Kano Zuwa Jidda

Mutanen Rijiyar Lemo sun saba da ƙugin jiragen sama, gama filin jirgin Malam Aminu Kano ba shi da nisa da su. In lokacin aikin Hajji ya zo, da yawa cikin jiragen nan Jidda sukan nufa.

Tsakanin Kano da Jidda kimanin mil 2,100 ne, watau kilomita 3,400. Babban jirgi yakan ci wajen kilomita 800 cikin awa guda, saboda haka tafiyar takan ɗauki awa huɗu da rabi, har da tashi da sauka. Miƙaƙƙiyar hanya ta bi ta kan Cadi da Sudan, ta ƙetare Bahar Maliya. A shekarar 2023 yaƙi ya hana ratsa sararin Sudan, sai jiragen alhazai suka yi zagaye, tafiya ta ƙara tsawo.

Kakanninmu kuwa da ƙafa suka bi wannan hanya, ko bisa jaki da raƙumi. Wani yakan yi shekaru yana tafe yana neman guzuri, wani ma ba ya komowa.

Yau abin da matafiyi zai kula da shi shi ne agogo. Jidda tana gabas, rana takan riga fitowa can, agogonta ya riga na Kano da awa biyu. Wanda ya tashi ƙarfe 10 na safe zai sauka ƙarfe 2:30 bisa agogonsa, alhali a can ƙarfe 4:30 ne, La'asar ta yi. In bai gyara agogonsa ba, lokacin salla sai ya kuɓuce masa.