Guba A Ruwa: Yadda Maganin Ƙwari Ke Cinye Arzikin Masunta

Duk wanda ya san halin da gidajenmu suke ciki ya san matsayin kifi a tukunyar talaka. A gidaje da yawa ba a ganin nama sai ranar salla ko ranar suna, amma guntun banda ba ya gagarar uwargida ta jefa a miya. Bisa ƙiyasin Gwamnatin Tarayya, Nijeriya tana bukatar kifi kimanin tan miliyan 3.6 a kowace shekara, alhali abin da muke samu a gida bai kai rabin wannan ba. Don rage giɓin ne ake shigo da kifin ƙanƙara daga ƙasashen waje da kuɗi masu yawan gaske. To, ɗan wanda Allah ya hore mana a kogunanmu da tafkunanmu ma yana fuskantar wata ɓarna, wadda tushenta yake cikin kwalbar maganin ƙwari.

Sa wa kifi magani a ruwa ba sabon abu ba ne. Tun zamanin kakanni akwai masu daka ganyen magimfa su zuba a kududdufi, kifi ya bugu ya taso. Amma ƙarfin magimfa ba ya daɗewa, kuma sarakunan ruwa suna sa ido a kan masu yin haka. Al'amarin ya sake kama ne da zuwan magungunan zamani, musamman Gammalin 20, wanda aka kawo Afirka ta Yamma a shekarun 1950 don kashe ƙwarin da ke ɓata koko. Da ya yawaita a kasuwanni, sai marasa tsoron Allah suka gane cewa in an tuttula shi a gurbi da rani, lokacin da ruwa ya ja baya, kafin a jima kifi zai rufe saman ruwa, sai kwasa.

Illar wannan aiki ta wuce yadda mai yinsa yake zato. Taru da birgi da ƙugiya suna kama wani kifi su bar wani, amma guba ba ta zaɓe. Takan kashe tarwaɗa da karfasa da ƙurungu, manya da ƙanana, har da ƙananan halittun da kifi yake ci ya rayu. Wanda ya sa guba ya ci ribar yini ɗaya, ya bar masuntan gari duka da ruwan da babu albarka a cikinsa. Bayan wannan kuma ruwan ba ya tsayawa a inda aka ɓata shi. Yakan gangara zuwa mashayar da Fulani suke shayar da shanu, da inda mata suke ɗiba don girki.

Sinadarin da ke cikin Gammalin, wanda masana suke kira lindane, yana taɓa jijiyoyi da ƙwaƙwalwa, ba ya saurin lalacewa a ƙasa ko a ruwa, kuma yakan taru a kitsen kifi da na mutumin da ya ci kifin. A shekarar 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa wannan ciwo.

Akwai hanya ta biyu da guba take bi ta isa ruwa, ba tare da kowa ya yi niyyar kashe kifi ba. Noman rani ya bunƙasa ƙwarai tun bayan gina madatsun ruwa irin su Tiga a 1974, kuma manoman shinkafa da tumatir da albasa sun saba da feshi. Sau da yawa manomi yakan ninka awon da aka rubuta a jikin kwalba, in ya gama ya wanke injin feshinsa a magudana, ya jefar da kwalbar a nan. Ruwan da ya fito daga gonakin Kadawa yana komawa kogi ne, ya nufi fadamun Haɗeja da Nguru, inda dubban iyalai suke dogara da su.

Hanya ta uku ita ce ta bayan kamu. Kifin da aka banda a gaɓar Tafkin Chadi yakan yi doguwar tafiya daga Baga zuwa Maiduguri, daga nan zuwa kasuwannin kudu, kuma ƙwari suna bin sa tun daga wurin shanya. Don tsoron hasara sai wasu fatake su yayyafa masa maganin da aka yi domin gona. Irin wannan ɗabi'a ce ta jawo mana abin kunya a kan wake. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, saboda an sami sinadarin dichlorvos a cikinsa fiye da ƙima nesa ba kusa ba, aka kuma ƙara wa'adin hanin da shekara uku a 2016.

Ba za a ce hukuma ta naɗe hannu ba. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta kama kifi da guba ko nakiya ko lantarki, ta tanadi tarar naira 3,000 ko ɗaurin shekara biyu, ko duka biyun. A 2008, bayan da ɗalibai sama da ɗari a wata makarantar 'yan mata a Jihar Gombe suka kwanta asibiti don cin wake mai guba, Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna, wato NAFDAC, ta haramta magungunan gona iri 30, har da lindane. A 2009 ƙasashen da suka sa hannu a Yarjejeniyar Stockholm suka amince a daina yinsa da amfani da shi a gona. A 2019 kuma NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni da kantuna.

Sai dai kafa doka daban, bin ta daban. Tarar da aka yanke a 1992 yau ba ta kai kuɗin giwan ruwa ɗaya ba. Mai tallar magani a kasuwar ƙauye yakan juye shi a kwalbar da ba ta da rubutu, ya sayar wa manomin da bai taɓa ganin malamin gona ba. In an haramta wannan, sai a koma wa wancan.

A nan ya kamata mu waiwayi abin da muka gada. A Argungu, inda bikin kamun kifi ya samo asali a 1934, ana hana su a Matan Fada har sai ranar biki, kuma masunta suna shiga ne da homa da gora kawai. Sakamakon wannan haƙuri shi ne manyan kifayen da duniya take zuwa kallo, har Hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin al'adun gado na duniya a 2016. Abin da ya tsare wannan ruwa shi ne jama'a sun ɗauke shi nasu, kuma maganar sarkin ruwa tana da ƙarfi.

Saboda haka ya kyautu gwamnatocin jihohi su haɗa kai da masarautu, a ƙarfafa ikon sarakunan ruwa na hana su a lokacin da kifi yake haihuwa, da kai masu sa guba gaban shari'a. A sake duba tarar nan ta dace da zamani, a kuma hana kowa sayar da maganin ƙwari sai mai lasin wanda ya san aikinsa. Masu banda suna bukatar a koya musu gina murhu irin na Chorkor, wanda aka ƙirƙiro a Gana wajen 1969, domin yana cin itace kaɗan kuma yana busar da kifi sarai, kifin da ya bushe sarai kuwa ya fi jure ajiya. Masu wake su ma ga buhun nan mai ninki uku, wanda yake kashe ƙwari ta hanyar toshe iska, ba tare da ɗigon magani ba.

Mu kuma masu saye muna da namu aikin. Kifin da aka ji yana warin magani a bar wa mai shi abinsa, kome araharsa, domin ranar da falke ya tabbatar ba zai sami mai saye ba, ranar zai daina. Allah ya tsare mana ruwayenmu, ya sa albarka a cikin abin da muke ci. Amin.