Manhajar Naɗar Murya: Shin Sabon Samfuri Ya Cancanci A Koma Masa?

Wata ranar Talata da yamma, saura ƙasa da awa guda mu saki labari, gardama ta kaure a teburinmu na tace labarai kan kalma ɗaya tak. Wakilinmu ya rubuta cewa wani babban jami'i ya ambaci biliyan a taron manema labarai, takardar da ofishinsa ya raba kuwa ta ce miliyan. Babu mai raba wannan gardama sai muryar jami'in da kansa. Muka roƙi hadiminsa ya turo mana sautin taron, ya kuwa turo nan take. Sai dai fayil ɗin ya ƙi buɗuwa. Shi ya sabunta manhajarsa ta Audacity, mu kuwa muna nan kan tsohon samfurin da muka saba da shi shekara da shekaru. Kafin mu gano bakin zaren, ya sake fitar da sautin a sigar MP3 ya aiko, minti arba'in sun wuce, wasu jaridun sun riga mu.

Kalmar dai miliyan ce. Amma tun daga ranar nake juya wata tambaya da ta shafi duk wanda aikinsa ya rataya a kan naɗar magana, daga jami'in yaɗa labarai a Sakatariyar Tarayya zuwa akawun kwamiti a Majalisar Dokoki ta Ƙasa da hadimin da ke bin maigidansa da ƙaramar rakoda: idan saƙo ya faɗo a fuskar kwamfuta cewa sabon samfuri ya fito, a latsa ko a dakata?

Manhajar da kowa ya sani

Na ɗauki Audacity a matsayin misali domin kyauta ce, kuma ita ce wadda mai ƙaramin ƙarfi ya fi saurin kaiwa gare ta. Dominic Mazzoni da Roger Dannenberg ne suka fara gina ta a Jami'ar Carnegie Mellon da ke Amurka a 1999, aka sake ta ga jama'a a shekarar 2000. Samfuri na 2.0 ya fito a 2012, kuma dangin wannan samfuri ne suka yi kusan shekara tara suna aiki a gidajen rediyo da ofisoshi.

A watan Maris na 2021 aka yi babban sauyi. Kafin lokacin, duk aikin da mutum ya adana yakan rabu gida biyu: ƙaramin fayil mai ƙarshen suna .aup, da wata jaka mai ɗauke da ɗaruruwan gutsattsarin sauti. Wanda ya kwafi fayil ɗin ya manta da jakar, ko ya sauya wa jakar suna, ya yi asarar aikinsa. Samfuri na 3.0 ya dunƙule komai cikin fayil guda mai ƙarshen suna .aup3. Wannan gyara ne na gaske, domin ya toshe ɗaya daga cikin manyan hanyoyin da naɗi ke salwanta. Sai dai ya zo da sharaɗi: sabuwar manhaja tana buɗe tsohon aiki, tsohuwa kuwa ba ta buɗe sabo. Abin da ya same mu ke nan ranar Talatar.

Bayan haka sauye-sauye suka riƙa zuwa a jere. Samfuri na 3.1, a ƙarshen 2021, ya ba da damar rage tsawon sauti daga gefe ba tare da an goge abin da aka rage ba. Na 3.2, a 2022, ya kawo gyaran sauti da ake ji nan take yayin saurare, wanda kuma ake iya cirewa daga baya. Na 3.4, a 2023, ya fi karkata ga masu haɗa kiɗa. Na 3.5, a 2024, ya ƙara damar adana aiki a rumbun intanet na audio.com.

Wa ke cin riba?

Duk wanda ya dubi wannan jeri da idon ma'aikaci zai lura cewa kaso mai tsoka na sababbin abubuwan an yi su ne domin mawaƙa da masu shirye-shiryen sauti. Akawun da aikinsa shi ne ya naɗi zaman kwamiti, ya saurara, ya rubuta bayanin taro, ba ya bukatar auna bugun kiɗa. Hatta rage ƙugin janareta da na'urar sanyaya ɗaki, wanda shi ne babban ciwon kan mai naɗi a ofisoshinmu, tsohon samfuri ya daɗe yana yi. Haka ma fitar da sauti a sigar MP3: tun samfuri na 2.3.2 a 2019 aka saka shi cikin manhajar, ba sai an nemo wani ƙari daga waje ba.

To amma akwai riba biyu da suka shafi ma'aikacin gwamnati kai tsaye. Ta farko ita ce fayil guda da aka ambata, mai sauƙin ajiya da miƙawa ga wanda ya gaji kujera. Ta biyu ita ce gyaran da ba ya lalata asali. Idan wata rana maigida ya ce ba haka ya faɗa ba, ko wata jarida ta ce an yanke masa magana, abin da zai fitar da hadimi kunya shi ne ya iya dawo da sautin yadda yake tun farko.

Sai dai wannan riba tana ɗauke da tarko. Tunda abin da aka rage daga gefe ɓoyewa kawai ya yi, yana nan daram cikin fayil ɗin aikin. Hadimin da ya rage raha ko maganar sirri da aka yi kafin a buɗe taro, sannan ya tura wa wani fayil ɗin .aup3, ya miƙa masa har da abin da yake zaton ya cire. Mai karɓa zai ja gefen sautin kawai, magana ta dawo. Ƙa'idar a nan ita ce fayil ɗin aiki ba ya fita daga ofis. Abin da ake turawa waje shi ne sautin da aka fitar a sigar MP3 ko WAV, wanda kowace kwamfuta da kowace waya ke buɗewa.

Batun sirri

A 2021 ɗin dai, kamfanin Muse Group, mai manhajar MuseScore, ya karɓi ragamar Audacity. Ba da jimawa ba aka gabatar da shirin tattara bayanan yadda mutane ke amfani da ita, masu amfani suka yi ca, kamfanin ya janye shirin. A watan Yuli kuma sabuwar takardar manufofin sirri ta sake tayar da ƙura, har aka yi mata kwaskwarima. Daga wannan rikici ne wasu masu sa kai suka ɓalle suka gina tasu manhajar mai suna Tenacity a kan tushen Audacity.

Abin da ya kamata ma'aikaci ya ɗauka daga wannan tarihi shi ne cewa tsohuwar manhajar ba ta da wata hulɗa da intanet, sabuwar kuwa tana da ita. Adana aiki a rumbun intanet zaɓi ne, babu wanda ake tilasta wa. Amma maɓallin yana kusa, kuma ma'aikacin da ke sauri yana iya latsawa bai karanta ba. Ga mai shirya waƙa wannan sauƙi ne. Ga wanda ya naɗi zaman tantance 'yan kwangila ko zaman ladabtar da ma'aikaci, ɗora sautin a rumbun wani kamfani na ƙetare lamari ne mai nauyi. Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 tana nan da ranta, sannan Dokar Kare Bayanai ta Najeriya da aka sanya wa hannu a watan Yunin 2023 ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane zuwa wajen ƙasa. Ranar da aka zo bincike, sunan wanda ya latsa za a nema, ba sunan manhaja ba.

Kwamfuta da aljihu

Kafin a tambayi ko manhaja ta dace, a tambayi ko kwamfutar za ta ɗauka. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 tun Janairun 2020, na Windows 10 kuma ya ƙare a ranar 14 ga Oktoban 2025. Sababbin samfuran manhajoji suna bin sababbin tsare-tsare ne, don haka kwamfutar ofis da ta tsufa tana iya karɓar sabuwar manhaja amma ta riƙa sanɗa ko ta tsaya cak a tsakiyar naɗi.

Girman fayil ma abin lura ne. A saitin da Audacity ke zuwa da shi, naɗin awa ɗaya ta layin sauti biyu yana cin sama da gigabait ɗaya. Yawancin ƙananan filash suna zuwa da tsarin FAT32, wanda ba ya ɗaukar fayil guda da ya wuce gigabait huɗu, shi ya sa samfuri na 3 ba ya yarda a adana aiki kai tsaye a kan irinsu. Wanda ya saba aiki daga filash zai ci karo da wannan a ranar farko. Maganar taro ba ta bukatar layi biyu. Naɗi ta layi ɗaya yana rage girman da rabi, MP3 mai matsakaicin inganci kuwa bai wuce kimanin megabait ɗaya ba a kowane minti.

Ga masu amfani da manhajar kuɗi, lissafin daban ne. Tun 2013 Adobe ya daina sayar da sababbin samfuran Audition sayarwa ta dindindin, ya koma karɓar kuɗin wata-wata ko shekara-shekara. Tun bayan da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, duk wani biya da ke da alaƙa da kuɗin waje ya ƙara nauyi. Ofishin da zai koma irin wannan tsari ya sani cewa ya ɗauko hidimar da za ta riƙa dawowa a kasafin kowace shekara. Saukar da kwafin sata kuwa, wanda wasu ke ɗauka dabara ce, buɗe ƙofa ce ga ƙwayoyin cutar kwamfuta a na'urar da ke ɗauke da takardun gwamnati.

Mai rubuta magana da kansa

Abin da ya fi jan hankalin ma'aikata a yanzu shi ne mayar da magana rubutu. A farkon 2024 kamfanin Intel ya fitar da wasu ƙarin kayan aiki na kyauta ga Audacity, ciki har da mai rubuta magana da ke amfani da Whisper, fasahar da OpenAI ya saki a 2022. Alfanunsa shi ne yana aiki a cikin kwamfutar mutum, ba sai sauti ya fita intanet ba, kuma sai da sabon samfuri ake iya ɗora shi. Ga wanda ke kwana yana rubuta jawabin awa biyu na Turanci, wannan kaɗai ya isa dalilin sabuntawa, matuƙar kwamfutarsa na da ƙarfi. Amma ƙwarewarsa a Hausa ba ta kama ƙafar ta Turanci ba, kuma sunayen mutane da garuruwa da adadin kuɗi su ne inda irin waɗannan na'urori suka fi tuntuɓe. Miliyan da biliyan dai har gobe sai kunnen mutum.

Yadda za a yanke shawara

Wanda har yanzu yake kan samfuri na 2, kuma yana musayar aiki da abokan aiki, lokacin ƙaura ya yi, da sharaɗin sashen ya ƙaura gaba ɗaya a rana guda. Wanda yake kan ɗaya daga cikin samfuran 3 kuma aikinsa na tafiya lafiya, babu abin da ke korarsa. Ya bari sabon samfuri ya yi 'yan makonni a hannun jama'a, domin bayan babban sauyi akan fitar da ƙananan gyare-gyare na kurakuran da aka gano.

Duk wanda zai sabunta, ya fara fitar da muhimman naɗe-naɗensa a sigar WAV ya ajiye a wuri biyu. Ya riƙe fayil ɗin girka tsohon samfurin ko da za a bukaci komawa. Ya sauko da manhajar daga shafinta na asali kaɗai, da sanin sashen fasahar sadarwa na ma'aikatarsa. Ya gwada ta da naɗin minti talatin a ranar da babu taro, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Idan kuwa kuɗin da ke hannu kaɗan ne, makirufo mai kyau da aka ajiye kusa da bakin mai magana ya fi kowace sabuntawa amfani, tunda babu manhajar da ke dawo da kalmar da ba ta shiga rakoda ba.

Mu a teburinmu mun sabunta bayan mako biyu, ranar Asabar da babu cunkoson labarai. Amma abin da ya fi yi mana amfani shi ne 'yar takardar da muka manna a jikin bango, wadda ke tunatar da duk mai turo mana sauti ya aiko da MP3, ya kuma riƙe asalin naɗin a wurinsa.