Jami'ar Yamai da Tarihin Ƴan Ƙasa Duka

A zamanin mulkin mallaka, yaron da ya shiga lakwal yakan haddace sunayen sarakunan Faransa alhali bai san wanda ya gina ganuwar Damagaram ba. Gyaran wannan giɓi yana cikin manyan ayyukan da suka faɗo bisa wuyan jami'ar Yamai, wadda aka aza harsashinta a 1971, ta zama cikakkiyar jami'a a 1973, kuma aka raɗa mata sunan Abdu Mumuni a 1992.

Malamanta ba su tsaya ga takardun Nasara kaɗai ba. Sun shiga karkara sun saurari tsofaffi da maroƙa, sun buɗe littattafan Larabci da na ajami waɗanda Bubu Hama ya tattara. Jibo Hamani ya rubuta tarihin Adar da na sarautar Abzin. Andre Salifu ya bi diddigin daular Damagaram da yaƙin Kawsan. Kimba Idirisa ya binciki ƙasashen yamma, Maikorema Zakari kuwa ya fuskanci ƙasar Mangari.

Da aka haɗa waɗannan ayyuka, sai gaskiya ta fito fili: babu ƙabilar da ta tare mamaya ita kaɗai. Sarauniya Mangu ta tsaya a Lugu a 1899, Alfa Saibu ya tashi a Kobkitanda a 1905, Kawsan ya kewaye barikin Agadas a ƙarshen 1916. Ɗalibin da ya san haka, ko Bahaushe ne, ko Bazabarme, Buzu, Bafillace, Babarbare, Tubu, Balarabe ko Bagurme, ba zai ɗauki ɗan'uwansa baƙo ba.

Darasin bai tsaya cikin aji ba. Ran 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibbai suka yi jerin gwano bisa gadar Kennedy, aka harbe uku daga cikinsu. Wannan jini ya gaggauta kiran Babban Taron Ƙasa, wanda ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, kuma malamin tarihi, Andre Salifu, shi ya shugabance shi.

Sauran aiki shi ne wannan ilimi ya fita daga Faransanci ya shiga harsunan ƙasa, ya isa azuzuwan yaƙi da jahilci. Manomin da ya ga kakanninsa cikin tarihin ƙasa, shi ke sanin yana da haƙƙin tambayar masu mulki, domin gidan nasa ne.