In Foldar Gida Ta Ɓace a Linux, a Fara Duba Faifai

Mai amfani da Linux kan kunna kwamfuta, ya sa kalmar sirri, allo ya yi baƙi, sai ya sake ganin kansa a shafin shiga. In ya samu ya leƙa /home, inda takardunsa da hotunansa suke zama, sai ya tarar wayam. Nan hankali ke tashi, wasu har su yi gaggawar sake ɗora manhajar daga farko. Alhali sau da yawa fayilolin suna nan daram, ɓangaren faifan da ke ɗauke da su ne kawai ba a jona ba.

Windows tana ba kowane ɓangaren faifai harafi, C ko D. Linux kuwa, wadda Linus Torvalds ya fitar a 1991, ta bi tsarin Unix: komai yana rataye ne a bishiya guda, kuma dole a jona kowane ɓangare a wata folda kafin a ga abin da ke cikinsa. Jerin abin da za a jona yayin tashi yana cikin fayil ɗin /etc/fstab. Layin /home ya samu kuskure a nan, foldar sai ta zama fanko.

Me ke kawo kuskuren? Sunaye irin su /dev/sda da /dev/sdb ba su da tabbas, ƙara sabon faifai na iya juya su. Shi ya sa ake amfani da lambar shaida ta UUID, amma ita ma takan canja idan aka yi wa ɓangaren fomatin. Ɗaukewar wuta ana tsakar rubutu na iya dagula tsarin fayiloli. Masu haɗa Linux da Windows a na'ura ɗaya suna da tasu matsalar: tun Windows 8 a 2012, tsarin saurin tashi ba ya kashe kwamfuta gaba ɗaya, don haka Linux kan ƙi buɗe ɓangaren Windows mai tsarin NTFS don rubutu.

Ƙwararren mai gyara da dubawa yake farawa. Umarnin lsblk zai nuna faifai da inda aka jona kowane ɓangare, blkid ya fito da lambobin UUID, sai a gwada su da abin da ke cikin fstab. In sun saɓa, a gyara layin, a buga mount -a, sau tari fayiloli su dawo nan take.

Idan tsarin fayilolin ne ya dagule, umarnin fsck ke gyara shi, amma ba a gudanar da shi a kan ɓangaren da ke jone, domin yana iya ƙara ɓarna. Gara a tayar da kwamfutar daga filasha mai ɗauke da Linux, a yi aikin daga can. In kuwa lsblk bai ga faifan ba sam, to matsalar ta koma kan wayar da ke haɗa faifan ko faifan kansa. Faifan da ke bayyana yana ɓacewa, a kwashe abin da ke cikinsa zuwa wani faifai kafin a taɓa komai.