Ko Ka San Ma'ajiyar Kwamfutarka Ita Ma Kwamfuta Ce?

Ga yadda abin kan faru. Da dare laftof ta nemi izinin sabunta kanta, aka ba ta, ta mutu ta farfaɗo sau biyu, aka rufe ta aka kwanta. Da safe ana tsakiyar rubutu sai ta tsaya cak. Kibiyar linzami tana yawo duk inda aka kai ta, fanka na juyawa, allo a kunne, amma abin da aka danna duk ba ya amsawa. Bayan rabin minti ko minti guda sai komai ya saku lokaci ɗaya, haruffan da aka buga ɗazu su zubo a jere kamar ba abin da ya faru. Can an jima ta sake. Mai kwamfuta zai ce sabuntawar nan ce ta kashe masa had dis, mai gyara kuma ya ce a kawo a yi mata fomatin. Ina ganin sau da yawa dukansu biyun sun yi gaggawa, domin sabuntawa ba ta cika lalata ƙarfe ba. Abin da takan yi shi ne sauya ƙa'idar mu'amala tsakanin sassan da suka saba da juna, sai wani lahani da ya daɗe a kwance ya fito fili.

Kafin wannan magana ta zauna sai an san wani abu da yawancin masu amfani da kwamfuta ba su sani ba. Ma'ajiyar zamani, wadda ake kira SSD, ba akwati ba ce da ake zuba fayiloli a ciki. Kwamfuta ce ƙarama mai ƙwaƙwalwarta, mai kuma manhajarta ta ciki, wadda masu gyara ke ce wa famwaya. Dalilin buƙatar wannan ƙwaƙwalwa yana cikin halin ma'adanar filashi: ba a iya rubutu a kan rubutu sai an goge, gogewar kuma ba ta yiwuwa sai dungurungum, babban yanki guda, ga shi kowane yanki yana da iyakar yawan gogewar da zai jure. Don haka idan ka gyara kalma ɗaya a takarda, ma'ajiyar takan rubuta sabon a wani wuri dabam, ta sa wa tsohon alamar shara, ta kuma gyara wata taswira da ke nuna inda kowane abu yake yanzu. Kamar magatakardan babban sito ne da ke ta sauya wa buhuna wuri dare da rana, shi kaɗai ke riƙe da littafin. Windows ba ya ganin buhunan, magatakardan yake tambaya. Idan magatakarda ya ruɗe, kaya na nan lafiya amma ba mai iya kaiwa gare su. A 2011 an ga haka ƙarara a ma'ajiyoyin Intel samfurin 320: idan wuta ta yanke musu kwatsam, wasunsu kan farka suna cewa girmansu megabait 8 ne kacal.

Wannan ne ma ke bayyana irin daskarewar da aka kwatanta a sama. Kibiya tana motsi saboda abin da ke tafiyar da ita yana cikin RAM, ba ya jiran kowa. Duk manhajar da ta nemi wani abu daga ma'ajiya kuwa sai ta shiga layi, layin kuma ba ya tafiya domin na gaba bai samu amsa ba. Idan jiran ya kai wa'adi, Windows ya tashi ma'ajiyar da ƙarfi, layi ya saku. Idan ta ƙi tashi, sai shuɗin allo.

To, me ya haɗa wannan da sabuntawa? A cikin laftof akwai aƙalla masu magana uku kan sha'anin ajiya: famwayar babban bodi, wato BIOS, da famwayar ma'ajiyar, da Windows ko Linux ko macOS tare da direbobinsu. Kamfanoni dabam-dabam ne suka rubuta su, a shekaru dabam-dabam, kowa da fahimtarsa ta ƙa'ida ɗaya. A watan Yunin 2009 Apple ya fitar da sabbin MacBook Pro waɗanda hanyar ma'ajiyarsu ke gudu a gigabit 1.5 a daƙiƙa. Masu saye suka yi ƙorafi, sai kamfanin ya saki sabuntawar EFI, wato famwayar babban bodin Mac, mai lamba 1.7 da ta ɗaga gudun zuwa gigabit 3. Nan da nan wasu, musamman waɗanda suka sauya ma'ajiyar asali da ta wani kamfani, suka fara kukan kwamfuta na daskarewa, ƙwallon jira mai launi-launi yana ta juyawa. Ma'ajiyoyin nan ba abin da ya same su, jiya ma aiki suke yi. An dai buɗe musu gudun da haɗin bai iya ɗauka lafiya ba. Apple kuwa ya riga ya rubuta a bayanin sabuntawar cewa bai tantance irin waɗannan ma'ajiyoyi ba.

Shekara 15 bayan haka labarin ya maimaita kansa da wata fuska, kuma wannan karon ya fi koyarwa. Ma'ajiyoyi masu sauƙin kuɗi da yawa ba su da tasu RAM ɗin da za su shimfiɗa taswirar nan a kai, sai su ari ɗan wuri daga RAM ɗin kwamfuta. An daɗe Windows yana ba su megabait 64. Da Windows 11 sigar 24H2 ya fito a Oktoban 2024, sai wasu ma'ajiyoyin Western Digital, irin su SN770 da SN580, suka samu rabon da ya kai wajen megabait 200, famwayarsu kuma ta kasa sarrafa shi, kwamfutoci suka riƙa faɗuwa da shuɗin allo. A lura da inda aka taɓa da inda aka gyara: Windows aka sabunta, amma maganin daga Western Digital ya fito, sabuwar famwaya ce ta ma'ajiyar. Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa. Wanda ya yi fomatin ya sake ɗora wannan Windows ɗin a kan wannan ma'ajiyar, ya yi asarar fayilolinsa ne kawai, daskarewar na nan tana jiransa.

Akwai kuma abin da ya fi wannan sauƙi, har ya kan ba da haushi idan an gano shi. Sabunta BIOS wani lokaci yakan mayar da saituna yadda suka fito daga kamfani. Idan an ɗora Windows ana kan tsarin magana da ma'ajiya na AHCI, sabuntawa ta mayar da shi tsarin RAID na Intel, ko akasin haka, Windows zai tashi ya rasa direban da zai yi magana da ma'ajiyarsa, ya nuna shuɗin allo cewa ba ya iya kaiwa gare ta. Gyaran bai wuce shiga BIOS a mayar da saiti ɗaya ba. Haka ma BitLocker, makullin da ke rufe fayiloli: yana iya ganin an taɓa BIOS ya ɗauka ɓarawo ne, ya nemi lambar ceto mai alƙaluma 48, wadda galibi tana cikin asusun Microsoft na mai kwamfutar. Sai kuma sha'anin barci. Don batir ya daɗe, laftof kan bar ma'ajiya ta yi barci mai nauyi tsakanin aiki da aiki, wasu ma'ajiyoyin kuma ba sa farkawa a kan lokaci. Sabon BIOS na iya buɗe matakin barcin da tsohon ya rufe. Alamarsa ita ce daskarewa a kan batir ko bayan an bar kwamfuta shiru, amma a kan caja ana aiki ba ƙaƙƙautawa lafiya lau. Masu Linux sun san wannan ciwo sosai, har akwai sanannen layin umarni da suke ƙarawa don hana ma'ajiyar barci mai nauyi.

Mai karatu zai iya cewa, ashe kenan kamfanoni ba su taɓa sakin famwaya mai kisa ba? Sun saki. A Janairun 2009 Seagate ya fitar da gyara ga ma'ajiyoyinsa na Barracuda 7200.11 da ke kullewa, gyaran kansa ya kulle wasu masu girman gigabait 500, dole aka janye shi. A Oktoban shekarar Intel ma ya janye wata famwaya ta X25-M bayan ta hana wasu ma'ajiyoyi tashi a Windows 7. Waɗannan laifin kamfani ne tsantsa, ba wani kare su da za a yi. Sai dai irin wannan yana da kama tasa: yakan bugi mutane da yawa masu samfuri ɗaya a mako ɗaya, ba ya ɓuya, kamfani kuma kan janye cikin kwanaki. Kuma ko hayaniyar ma ba hujja ba ce ita kaɗai. A Agustan 2025 an yi ta yaɗa cewa wata sabuntawar Windows 11 tana ɓatar da SSD. Kamfanin Phison, mai ƙera ƙwaƙwalen ma'ajiyoyi, ya ce ya yi gwaji na sama da awa 4,500 bai iya maimaita matsalar ba, Microsoft ma ya ce bai ga alaƙa ba. Miliyoyin kwamfutoci ne ke karɓar sabuntawa a dare ɗaya. Dole a cikinsu a samu waɗanda ajalin ma'ajiyarsu ya zo daidai da wannan daren, balle da yake sabuntawa aiki ne mai nauyi, ana rubuta gigabait da dama a jere, irin wahalar da ma'ajiya mai rauni ba ta sha ba cikin watanni.

Ƙalubale na biyu ya fi ƙarfi, kuma shi ne ra'ayin mutane da yawa masu hankali: tunda haka ne, a bar kaza cikin gashinta, abin da ke aiki kada a taɓa shi. Matsalar ita ce wasu lahanin agogo gare su. Ma'ajiyar Crucial m4 tana da kuskure wajen ƙidayar awannin da ta yi a kunne; da zarar ta kai awa 5,184, wato kwana 216, sai ta daina amsawa, idan an kashe an kunna ta yi awa guda ta sake. Sabuwar famwaya ce ta warkar da ita a Janairun 2012. A Nuwamban 2019 HPE ya gargaɗi masu manyan kwamfutocin kamfanoni cewa wasu SSD ɗinsa za su mutu murus, da su da abin da ke ciki, idan suka cika awa 32,768, wato shekara 3 da kwana 270 da awa 8. Masu lissafin kwamfuta sun san wannan lamba, nan ne ƙaramin ma'aunin ƙidaya ke cika ya juye. A farkon 2023 kuma an ga Samsung 980 Pro, musamman mai terabait 2, yana kulle kansa ya koma sai karatu ba rubutu. Sabuwar famwaya tana hana faruwar hakan, amma ba ta dawo da wanda ya riga ya kulle. Wanda ya ƙi sabuntawa a irin waɗannan, ya yi gudun gara ne ya faɗa gidan zago.

Saboda haka abin da ya kamata ya fara zuwa zuciya idan laftof ta fara daskarewa shi ne kwashe fayiloli zuwa wani wuri tun tana amsawa, kafin gwaji, kafin gyara, kafin ma a san mai laifi. Ko ma'ajiyar da ta koma sai karatu, damar ƙarshe ce ta bayar a kwashe. Bayan nan sai a nemi shaida, kwamfutar kuma tana ajiye ta. A kundin abubuwan da suka faru na Windows, gargaɗi mai lamba 129 na nufin an tashi ma'ajiya da ƙarfi, 153 kuma an sake aika mata umarnin da bai tafi ba. Idan lokutansu sun dace da lokutan daskarewa, an san ɓangaren da za a duba. Manhaja kyauta irin CrystalDiskInfo za ta nuna samfurin ma'ajiyar, lambar famwayarta, da rahoton lafiyarta. Idan rahoton ya nuna kurakuran karatu suna ƙaruwa, ƙarfen ne, a sayi wata. Idan tas yake, sai a kwatanta lambar famwaya da wadda kamfanin ya fitar ta ƙarshe, a leƙa saitin BIOS, a hana ma'ajiyar barci a ga ko daskarewar za ta tsaya. Abu ɗaya-ɗaya ake sauyawa, in ba haka ba ko ta warke ba za a san me ya warkar da ita ba. Komawa tsohuwar famwaya kuwa ba kullum ake samun ƙofarsa ba, kamfanoni da yawa sun toshe ta saboda dalilan tsaro.

A nan ƙasashenmu akwai abu biyu da ke ƙara wa lamarin nauyi. Laftof ɗin da ke hannun jama'a da yawa gwanjo ce, an cire mata ma'ajiyar asali an sa wata a kasuwa, wato haɗin da kamfanin da ya rubuta BIOS ɗin bai taɓa gwadawa ba, irin halin da masu MacBook suka shiga a 2009. Na biyu shi ne batir. Mintunan da ake rubuta famwaya su ne lokacin da yankewar wuta ke iya mayar da bodi ko ma'ajiya gawa, domin an goge tsohon umarni, sabon bai gama shiga ba. Shi ya sa manhajojin sabuntawa kan ƙi farawa sai an jona caja kuma batir na da ɗan rai. Laftof ɗin da batirinta ya mutu, wadda ke ɗaukewa da zarar an ɗauke wuta, ba a yi mata wannan aiki a kan wutar NEPA ko janareton da mai ya kusa ƙarewa. A kai ta inda ke da inbata, ko a fara saya mata batir.