Kasuwar katako a kudancin Kano: Arha ba ta ado

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya ya ratse a Kwanar Dangora ta ƙasar Kiru, ya nufi Tudun Wada da Doguwa, zai ga sababbin gine-gine da rumfunan masu sayar da katako a bakin titi. Mafi yawan cinikinsu na katakon rufi ne da na ƙofa da kujera, amma yanzu wasu masu hali a birnin Kano sun fara neman daɓen katako a falo maimakon siminti ko tayil. Wannan ya sa wasu 'yan kasuwa ke hangen riba a ciki. Ribar akwai ta, sai dai babban haɗarin sana'ar yana cikin tambayoyi biyu da ba a cika yin su ba: daga ina icen ya fito, kuma ya bushe ko bai bushe ba?

Kafin mu dubi gida, bari mu leƙa Amurka, inda wani babban kamfanin sayar da daɓen katako mai suna Lumber Liquidators ya zama abin ishara. Kamfanin ya yi suna ne da arha, har ya buɗe shaguna fiye da 400. A watan Maris na 2015 gidan talabijin na CBS ya nuna cewa wani daɓe da yake sarowa daga Sin yana fitar da wani sinadari mai cutar da numfashi fiye da ƙima. A watan Oktoba na wannan shekara kamfanin ya amsa laifin shigo da katakon da aka sare ba bisa ƙa'ida ba daga dazuzzukan gabashin Rasha, tare da yin ƙarya game da asalinsa, aka ci shi tarar fiye da dala miliyan 13. A 2019 ya sake biyan dala miliyan 33 saboda yaudarar masu hannun jari. Ya canja suna ya koma LL Flooring, amma a watan Agusta na 2024 ya bayyana wa kotu cewa ya karye. Wato dai arhar da ta ɗaukaka shi tana cikin abin da ya kayar da shi. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mu dawo ga batun asalin ice a nan gida. Dajin Falgore, wanda ya ratsa ƙananan hukumomin Doguwa da Tudun Wada da Sumaila, faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 1,000, kuma tun zamanin Turawa aka keɓe shi da sunan Kogin Kano. A irin wannan daji ne ake samun doka da maje da kawo da maɗaci da madobiya, wato itatuwa masu ƙwari da mai daɓe ke nema. Amma daji ne da doka ta hana sara a cikinsa. Ɗan kasuwar da ya sayi gungume da dare don ya ga farashi ya faɗi, ya sani cewa ranar da ma'aikatan gandun daji suka tare motar, kaya da kuɗi duk sun tafi, kuma ba shi da inda zai kai ƙara. Bugu da ƙari, ta wannan daji ne Kogin Kano ke bi kafin ya zuba a madatsar ruwa ta Tiga da ke ƙasar Bebeji, wadda aka kammala a 1974. Idan itatuwan bakin kogi suka ƙare, ƙasa za ta zaizaye ta cike madatsar, manoman rani na Kadawa su shiga uku, alhali su ne masu gina gidajen da ake sayar wa katakon.

Duniya ma ta sa ido. Bayan da aka yi ta kwasar madobiya daga jihohi irin su Taraba ana kai ta Sin, yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta ƙara tsaurara dokar cinikinta a 2017, ta kuma dakatar da fitar da ita daga Nijeriya a 2018. A taron Panama na 2022 aka ƙara maɗaci da kawo a jerin itatuwan da sai da izini ake ƙetare iyaka da su. Gaskiya ne wannan doka ta shafi fitarwa waje ce, amma wanda ya tara kaya da niyyar sayar wa dillalan tashar jirgin ruwa, dare ɗaya zai wayi gari jarinsa ya kwanta.

Sai batun bushewa. Katako mai yawa da ake sayarwa a kasuwannin 'yan katako na Na'ibawa da Rijiyar Lemo daga kudancin ƙasar nan yake zuwa, inda iska ke da laima. Ice kuwa yana shan laima ya kumbura, ya kuma fitar da ita ya tsuke. Idan aka shimfiɗa ɗanyen katako a falo a watan Agusta, da zarar hunturu ya kama a Disamba sai ya tsattsage ya bar ramuka, da damina ta dawo ya bankare. Ga kuma gara, wadda ba ta raga wa icen da ba a yi wa magani ba. Mai gida ba zai je Sapele ko Ondo neman mai injin yanka ba, wanda ya sayar masa zai riƙe. A garuruwa irin su Kiru da Bebeji, inda kowa ya san kowa, aiki ɗaya da ya lalace ya isa ya kashe rumfa.

Akwai sauran haɗura da ba a hannun ɗan kasuwa suke ba. Cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 da faɗuwar darajar naira, daga kimanin 460 a kan dala ɗaya zuwa fiye da 1,500 a farkon 2024, sun ɗaga kuɗin mota da na gam da fenti. Gobara irin wadda ta ci kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016 ta nuna yadda dukiyar shekaru ke zama toka a dare ɗaya, balle rumfar da aka cika da busasshen ice da ɗusar katako. Ga tayil, wanda ya fi sauƙin wankewa, gara kuma ba ta cin sa. Ga bashin 'yan kwangila da ba a rubuta shi. Waɗannan duka ana iya rage su da raba ajiya wuri biyu, da rubuta yarjejeniya, da shiga inshorar takaful ga mai gudun riba.

Amma tambayoyin nan biyu na farko a hannun ɗan kasuwa suke. Ya nemi takardar izinin sara kafin ya biya kuɗi, ya jera katakonsa a inuwa da tazara a tsakani har ya ga hunturu ɗaya, ya kuma gaya wa mai saye gaskiyar irin icen da ya ba shi. Ƙungiyoyin 'yan katako su hana 'ya'yansu sayen kayan dare, gwamnatin jiha ta sauƙaƙa ba da izini a fili, ta kuma ƙarfafa dashen itatuwa a wajen gandun daji. Maɗaci yana ɗaukar shekaru da dama kafin ya isa yanka, saboda haka wanda yake so ɗansa ya gaji rumfar, yau ya kamata ya dasa. Allah ya sa mu dace.